Yadda ake haɗa karin kumallon mutum shida bayan motsa jiki, daga cefane har zuwa tabarma

Tun da muka fara tattakin safiyar Asabar ni da ƙawayena, mu tashi daga Gadon Ƙaya a nan Kano mu bi titin BUK (Jami'ar Bayero) har Ƙofar Na'isa mu juyo, muka mai da karin kumallo kamar adashi: wadda layi ya zo kanta ita ke ciyar da sauran. Duk ranar da ya faɗo kaina sai wata ta ja ni gefe: "Wai Anti, yaushe kika yi duk wannan, alhali tare muka fita?" Maigidana da ke buga ƙwallo a filin Mahaha shi ma ya sha kawo min saƙon matan abokansa a kan haka. Amsar dai ɗaya ce, rabin aikin tun daren Juma'a ake gama shi, sauran kuma sanin abin da za a ɗora kafin wani.

Abin da ke ci min rai shi ne mutum ya yi awa guda yana gumi, ya dawo ya shanye lemon kwalba biyu masu sanyi da tulin soyayyen abu, ya ce ya mai da ƙarfi. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari sama da ƙaramin cokali goma, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya. Jikin da ya wahala abu uku yake nema: ruwa da gishirin da gumi ya fitar, abinci mai mai da ƙarfi irin dankali da gero, da mai gina tsoka irin wake, ƙwai, nono da kaza. Duk akwai su a kasuwannin garin nan. Ga abin da nake ɗorawa: zoɓo, kankana da dabino, alale, kwaɗon zogale, gasasshiyar kaza da dankalin Hausa.

1. Ƙirga baki, sannan cefane

Kada ki fita kasuwa sai kin san mutum nawa ne. Wannan awon na mutum shida ne, manya:

Farin wake gwangwanin madara 4. Zogale ɗanye babban ɗauri 3, ko busasshe gwangwani 6. Ƙuli-ƙuli gwangwani 2. Cinyoyin kaza 6, ko kaza ɗaya babba. Dankalin Hausa matsakaita 8. Ƙwai 4. Tumatir 6, albasa 5, tattasai 4, attaruhu 4, lemon tsami 5. Zoɓo cikin tafi 4. Citta ɗanya, tafarnuwa, kanumfari, masoro. Dabino kamar 25, kankana ɗaya, kindirmo ko yogot marar sukari kofi ɗaya, man gyaɗa kaɗan.

Kayan miya da ganye a 'Yankaba sun fi araha idan za ki sayi da ɗan yawa, kankana da lemon tsami a 'Yan Lemo ta Na'ibawa. Amma ki yi lissafin kuɗin adaidaita sahu. Idan cefanen rana ɗaya ne, kasuwar Rimi ko mai tebur na unguwarku ya wadatar, don abin da kika rage a farashi zai tafi a hanya. Wake ne kawai nake cewa a saya da kwano a ajiye.

Wajen kuɗi, kaza kaɗai tana cinye kusan rabin abin da kika ware. Idan aljihu ya yi ƙasa ki cire ta, ki ƙara ƙwai shida ko awara, abincin zai ci gaba da gina jiki tunda ga alale. Tumatir kuma da lokacinsa: daga sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da na Kadawa da Kura ke shigowa, kusan kyauta ne, da damina ta kankama sai ya yi tashin gwauron zabi. A lokacin nakan rage shi a kwaɗo in ƙara gurji.

Hattara da wake: ki ɗebo a hannu ki shinshina. Idan kika ji warin maganin ƙwari, ko kika ga farin gari yana manne miki a tafi, bar shi komai araharsa. Ƙuli ma ki karya ɗaya ki ɗanɗana a gaban mai shi. Wanda ya yi ɗaci ko warin fumfuna daga lalatacciyar gyaɗa yake, kuma dafin da ke cikinta yana taɓa hanta, wuta ba ta kashe shi.

2. Kayan aiki

Tukwane biyu manya, ɗaya mai murfin da ke rufuwa sosai. Turmi da taɓarya. Rariya da ƙyallen tata. Gwangwanaye 12 ko ƙananan kofunan silba na alale. Kurfoti da wayar gashi, da gawayi na girki ɗaya. Katakon yanka guda biyu, na nama daban na ganye daban. Kula mai kyau. Wannan ta ƙarshe kada ki raina ta, don wuta ba ta da alƙawari, kuma ƙanƙarar da za ki saya ki jefa a kula ta fi miki arha a kan kazar da za ta lalace.

3. Daren Juma'a: zoɓo

Da shi nake farawa bayan sallar magariba saboda yana buƙatar lokacin hucewa. Ki ɗauraye zoɓon da ruwan sanyi sau biyu, da sauri, don yashi ya fita. Idan kika bar shi ya jiƙa, launin da ɗanɗanon za su bi ruwan wankin. Ki zuba a tukunya da ruwa lita 4, citta ɗanya kamar tsawon babban yatsa biyu a daddake, kanumfari 8. Idan kina da ɓawon abarba ki wanke shi fes ki jefa. Ya tafasa minti 15 zuwa 20, ki sauke, ki bar shi a rufe rabin awa, ki tace.

Zaƙi: ki cire ƙwallon dabino 12, ki duba cikin kowanne don tsutsa takan ɓuya, ki jiƙa a ruwan zafi ki markaɗa, ki tace a cikin zoɓon. Ki ɗanɗana. Wanda ya saba da zoɓon talla zai ce bai ji ba, amma bayan mako biyu ko uku harshe yana sabawa, na gani da idona a gidanmu. Idan dole sai an ƙara, ƙaramin cokali ɗaya na sukari a kofin wanda ya nema, ba a tukunya ba.

Gargaɗi uku a nan. Dabino da mazarƙwaila da zuma duk sukari ne a jini, don haka mai ciwon suga kada ya ce ai na gargajiya ne ya yi ta kwankwaɗa. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tsaya a kofi ɗaya, su kuma tambayi likitansu. Sannan kada ki bar shi ya kwana a tukunyar alminiyan, tsaminsa yana cin jikinta; ki juye a jarka mai tsabta, idan ya huce ki sa a sanyi.

Za a ce me ya sa ba kunun aya ba. Ina son kunun aya ƙwarai, amma ba ya jure kwana. Na taɓa yin lita biyar a wani daren Afrilu, aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya, da safe na buɗe jarka ta yi tusss, ya yi kumfa ya yi tsami, baƙi na bakin ƙofa. Tun ranar, idan za a sha shi, a ranar nake markaɗawa.

4. Daren Juma'a: wake, zogale da kaza

Ki bi wannan jerin, nama a ƙarshe, don kada hannun da ya taɓa ɗanyar kaza ya koma kan ganye.

Wake: ki jiƙa minti 10 kacal, ki zuba a turmi ki surfa a hankali har ɓawon ya saki. Ki wanke, ɓawo ya taso ki tsiyaye, har ya yi fari tas. Daga nan ki tsane shi a rariya ki baza a faranti mai faɗi inda iska ke kaɗawa, ko ki sa a firji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar surfaffen wake a cikin ruwa ya kwana. Da zafin Kano, kafin asuba ya fara yauƙi da wari, alalen ya fito da tsami, kuma babu abin da zai gyara shi. Kada kuma ki markaɗa da dare, ƙullu ya fi waken saurin lalacewa.

Zogale: tsinke shi ne aikin, a nan ake kiran yara. A cire duk ƙananan itatuwan, su ne ke maƙale wa mutum a wuya. Ki wanke sau uku, ki zuba a ruwan da ya riga ya tafasa, ya yi minti 20 zuwa 25. Ki murza ganye ɗaya tsakanin yatsu, idan ya murzu ya yi. Busasshe yakan kai minti 40. Ki tsiyaye, ya huce, ki matse da hannu ki dunƙula, ki rufe a sanyi. Iyayenmu na jefa kanwa don ya yi saurin laushi. Idan za ki sa, kamar ƙwayar wake ta isa. Da ta yi yawa zogalen zai narke ya yi santsi, ta kashe wani sashe na amfaninsa, wasu kuma ta ɓata musu ciki.

Kaza: ki cire fatar, a nan yawancin kitsen yake. Ki tsattsaga naman sau biyu ko uku har kusa da ƙashi. Ki daka citta, tafarnuwa ƙwaya 5, albasa ɗaya, masoro kaɗan, attaruhu ɗaya. Ki haɗa da ruwan lemon tsami biyu, kindirmo babban cokali 3, garin ƙuli cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki mulke naman, ki cusa haɗin cikin tsagar, ki rufe. Kindirmon nan shi ke sa naman ya yi laushi ba tare da an jiƙe shi da mai ba.

Hattara: ɗanyar kaza ba ta kwana sai a sanyi na gaske. Ko firjin da kika tabbatar da shi, ko kula cike da ƙanƙara, naman a cikin roba mai murfi don ruwansa kada ya taɓa zoɓo da zogale. Idan babu ko ɗaya, ki haƙura da kazar, ki dafa ƙwai da safe. Wuƙa da katako da wurin wankin, a bi su da sabulu kafin a kwanta.

5. Da asuba, kafin a fita

Aikin ba shi da yawa. Ki zuba waken a ruwa ya jiƙa har ki dawo. Ki wanke dankali, kada ki fere. Ki dafa ƙwai huɗun tun kina shirin salla, minti 10 bayan tafasa, ki tsame a ruwan sanyi. Ki sha ruwa kofi biyu, ki ci dabino uku ko ayaba ɗaya. Kada ki fita da nauyin ciki, kada kuma ki fita cikinki wayam idan kina da ciwon suga ko kina yawan jin jiri. Gorar ruwa a hannu, ko da sanyi ake, don iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba.

6. Da an shigo gida: ruwa tukuna

Nan ne mutane ke juya al'amarin, su fara da abinci. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, kowa ya cire takalmi ya zauna numfashi ya daidaita. Ruwa zalla ne farko, mai ɗan sanyi, a kurɓa a hankali kofi ɗaya zuwa biyu. Bayan minti goma sai zoɓo da kankana da sauran dabinon. Kankana kusan duk ruwa ce, ga ɗan sukarin da zai tsai da rawar jiki kafin alale ya nuna. A yanka ta a lokacin, ba tun dare ba, a kuma wanke bayanta kafin wuƙa ta shiga.

Mai son sanin yawan ruwan da ya rasa, ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilo ɗaya da ya ragu ruwa ne ba kitse ba, kuma ana mai da shi da kimanin lita ɗaya da rabi cikin 'yan sa'o'i, ba a zama ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce launin fitsari: idan ya yi duhu kamar shayi, da saura.

A watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da rana ke kai digiri 40, masu ƙwallo kan dawo da farin gishiri a wuyan riga. Irin waɗannan nake haɗa wa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ɗan lemon tsami. Kada a ƙara gishirin da ka. Wanda ya yi tattakin rabin awa da sanyin safiya ba ya buƙatar wannan, ruwa da abinci sun ishe shi. Idan kuwa wani ya fara sambatu, ko amai, ko jikinsa ya yi zafi rau ya rikice, a kwantar da shi a inuwa a jiƙa shi da ruwa a nufi asibiti, ba maganar zoɓo ba ce.

7. Alale, shi ne farkon hawa wuta

Shi ya fi daɗewa, don haka tun baƙi na shan ruwa yaro ya tafi inji. Ki tsame waken ki haɗa da albasa 2, tattasai 4, attaruhu 2. Ki ba da ruwanki na gida a roba, ki ja kunnen ɗan aike: a ɗauraye injin, kada a cika ruwa, a maimaita markaɗen sau biyu. Mai bilanda ta yi shi kashi uku don kada ta ƙona injinta. Ki shafa ƙullun tsakanin yatsu, in kin ji tsaki-tsaki bai yi ba.

Kafin ya dawo ki ɗora tukunya da ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki jera karare ko murfin tukunya a ƙasa, yadda gwangwani ba zai zauna cikin ruwa ba. Ki shafa mai kaɗan a cikin gwangwanayen.

Haɗi: man gyaɗa babban cokali 5, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, dunƙule ɗaya ko biyu, garin busasshen kifi in akwai. Ki sassauta da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kaurin da ake nema ya fi na ƙosai ruwa, kamar koko mai kauri: ki ɗaga ludayi, ya zuba a jere ba ya yankewa. Ya yi kauri, alale ya fito kamar dutse; ya yi ruwa, ya ƙi kama jikinsa. Ki ɗanɗana a ƙarshen harshe yanzu, don bayan ya nuna gyara ya wuce.

Ki zuba a gwangwani, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu a sama don yana tashi. Ƙwai huɗun ki raba kowanne uku, ki jefa yanki ɗaya a kowane gwangwani. Ki jera, ki rufe ruf, wuta matsakaiciya, minti 45. A minti na 25 ki leƙa ruwan. Idan ya ja, ki ƙara mai zafi ta gefe. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito babu ƙullu ya nuna. Ki sauke ki ba shi minti 10 ya huce kafin ki kife, in ba haka ba zai farfashe.

Maganar man nan, na san za a ce cokali biyar ya yi kaɗan ga wake gwangwani huɗu. Wata yayata da ta ga ina aunawa cewa ta yi, "Ke dai Allah ya shirye ki, wannan ai alalen asibiti ne." Ta ci biyu ta nemi na uku ta tafi da shi. Laushin alale daga kyawun markaɗe da daidai ruwa yake zuwa, mai ɗanɗano kawai yake ƙarawa. Leda kuwa na daina ƙulla abinci mai zafi da mai a cikinta, ba don tafasa aka yi ta ba, ga shi gwangwani sau ɗaya ake tara shi ya yi shekara.

8. Gashi

Da alale ya hau, a hura gawayi a tsakar gida. A nan maza kan yi amfani, kuma suna so. Dankalin a raba shi biyu a tsaye, a sulala minti 10 a ruwan gishiri kaɗan, a tsane. Idan aka ɗora shi ɗanye, baya zai ƙone ciki na nan da tauri. In kin dace da mai jan ciki kamar karas ki saye shi, ya fi farin sinadarin da ke taimakon ido.

Kada nama ya hau sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka a sama. Ki tara garwashin a gefe ɗaya. Kaza ta fara da gefen zafi, minti 4 kowane ɓangare don ta yi launi, sannan a janye ta gefen da wuta ba ta da ƙarfi, a kifa mata tsohuwar tukunya ko faranti, ana juyawa duk minti 7 ko 8. Cinya takan ɗauki minti 30 zuwa 35. Dankali ya zagaye ta a minti 15 na ƙarshe. A tsaga cinya mafi kauri har ƙashi: ruwan da ya fito ya zama garau, babu ja ko kaɗan. Mai ma'aunin zafin nama ya nemi digiri 75.

Hattara: ragowar haɗin da ɗanyar kaza ta kwana a ciki ba miya ba ce, kada a shafa shi a minti na ƙarshe, kada kuma gasasshiyar ta koma robar da ɗanyar ta fito. Inda ya ƙone ya yi baƙi a kankare. Kurfoti kuma ba ya shiga ɗaki ko rufaffen kicin, ko da hunturu ne. Iskar gawayi ba ta da wari, kuma tana kisa.

9. Kwaɗo, a minti goma na ƙarshe

Ki daka ƙuli ya yi laushi amma da ɗan tsaki, ba gari luƙui ba. Ki yanka tumatir 6 ƙanana ki zubar da rabin ruwan cikinsu, albasa 2 siri-siri, attaruhu ɗaya. Tumatir da gurji a wanke su da ruwan da za ki iya sha, tunda ba za su ga wuta ba. Zogalen da ya kwana a sanyi ki watsa shi a tafasasshen ruwa minti 2, ki sake matsewa sosai, ki warware a babban kwano.

Ki dama rabin ƙulin da ruwan ɗumi kaɗan ya zama kamar kunu mai kauri, ki juya zogalen a ciki har kowane ganye ya samu. Sai kayan yanka, ruwan lemon tsami biyu, man gyaɗa babban cokali ɗaya, sannan sauran ƙulin a barbaɗa a sama. Gishiri a ƙarshe, bayan kin ɗanɗana, domin ƙuli da nasa gishirin yake zuwa, wani ma da yaji. Ƙa'idar yini gaba ɗaya ba ta kai cikakken ƙaramin cokali ɗaya ba, giram 5 ke nan, ga shi alale da kaza sun riga sun ɗauki nasu.

Lemon tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa nake roƙon masu shayi su jinkirta shi awa guda bayan an ci, musamman mu mata. Kuma kada ki kwaɗa tun da wuri: da gishiri ya taɓa tumatir zai saki ruwa, ƙuli ya jiƙe, kafin a zauna ya zama fate.

10. Zubawa

Idan kika bi jerin nan, awa ɗaya da rabi bayan shigowa komai ya sauka, kuma daidai lokacin ne, don an fi so a ci cikin sa'o'i biyun farko. Ni nake zuba wa kowa a farantinsa: rabi kwaɗo, sai dankali yanki biyu ko uku, alale ɗaya, cinya ɗaya. Sauran alalen da dankalin a tsakiyar tabarma. Wanda ya yi minti 90 yana guje-guje a fili ya ƙara dankali ba kunya. Wadda ke tattaki don rage ƙiba ta ƙara kwaɗo. Yaji a gefe, saboda masu gyambon ciki. Mu Kanawa mun iya "don Allah ƙara, ba ki ci komai ba", amma a wannan zaman mun yi yarjejeniya sau ɗaya ake tayi.

Ragowa kada ta wuce awa biyu a waje, da bazara awa ɗaya. Alale da kaza a sa a sanyi, a ɗumama su yi zafi har ciki kafin a ci. Kwaɗo ba ya ajiyuwa, a miƙa wa maƙwabta tun yana da kyau. Gwangwanayen a wanke a kife a rana, wanda ya fara tsatsa a jefar.

Idan naku motsa jikin na yamma ne, kamar masu ƙwallon bayan la'asar, aikin daren Juma'a ya koma safe, alale ya hau wuta ƙarfe biyar, gashi bayan an idar da magariba. Da azumi ma haka, sai dai a yi tattakin dab da shan ruwa ko bayan tarawihi, a buɗe baki da dabino da ruwa, a jinkirta kazar.

11. Ranar da babu baƙi

Sauran ranakun mako ba wanda zai hura gawayi. Ƙwai biyu dafaffu, dankali ɗaya da aka dafa tun dare aka sa a sanyi, tumatir da albasa, barbaɗen ƙuli: minti 10. Kowane ƙwai yana ba da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, idan aka haɗa da kofin kindirmo an kusa giram 20 ɗin da ake so bayan motsa jiki.

Ko kuma fura. Dunƙule ɗaya, kindirmo kofi ɗaya da rabi, ayaba ɗaya a dame tare maimakon sukari. Gero ya mai da ƙarfi, nono ya gina jiki, ga ruwa a ciki. Dunƙule ɗaya na ce, don uku da sukari ludayi guda barci za su sa ki, ba aiki ba. Nonon kuma ki san inda ya fito: ki tambayi mai shi ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga shanu. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki sayi yogot marar sukari, ko ki tafasa madara a gida, ta huce ta koma ɗumi, ki zuba mata cokali biyu na kindirmon jiya, ki rufe ta kwana.